Darasi na Tara: Tsutsar da ke Zama Cikin Ganyen Tumatir

A Kura da Garun Malam da Kadawa, da Ɗanja ta jihar Katsina, da duk inda ake noman tumatir na rani, ba sai an yi wa manomi bayanin Sharon ba. Ya san ta a gona, ya san ta a aljihu. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne yadda take rayuwa: inda take fitowa, inda take kwana, kwana nawa take ɗauka kafin ta girma, da dalilin da ya sa a yi mata feshi yau, jibi a tarar da ita tana nan daram. A kan wannan rayuwar tata darasinmu zai tsaya.

Da farko a gyara wata fahimta. A shekarar 2016 jaridu sun yi ta kiranta Ebolar tumatir, har wasu suka ɗauka cuta ce mai kama mutum. Ba cuta ba ce, ƙwaro ne. Ɗan ƙaramin faɗa-wuta ne, wato dangin malam-buɗe-littafi masu tashi da dare, kuma 'ya'yansa tsutsotsi su ke yin ɓarnar. Masana suna kiransa Tuta absoluta, kuma wannan sunan za ku gani a takardun malaman gona.

Daga ƙwai zuwa mai fukafukai

Mu fara da uwar. Tsawon jikinta milimita 6 ne zuwa 7, kusan tsawon ƙwayar shinkafa, in kuma ta buɗe fukafukai faɗinta bai wuce santimita ɗaya ba. Launinta toka-toka ne da ɗigo-ɗigon baƙi, tana da 'yan ƙahonni biyu sirara masu zobe-zoben fari da baƙi. Da rana lafewa take yi a ƙarƙashin ganye. In kuka girgiza shukar tumatir kuka ga wasu 'yan ƙwari sun tashi ƙasa-ƙasa sun sake sauka nan kusa, to su ne. Sai magariba ta yi suke fitowa. Babba ba ya cin ganye ko kaɗan, domin bakinsa na tsotso ne kawai. Aikinsa a duniya shi ne barbara da saka ƙwai, kuma ba ya daɗewa: namiji kamar mako guda, mace kwana goma zuwa goma sha biyar.

Yadda suke samun juna a cikin duhu abin mamaki ne. Macen ce ke sakin wani sinadari a iska, wanda hancin ɗan Adam ba ya ji, namiji kuwa yana jin sa da ƙahonninsa, ya bi iskar har ya iso gare ta. Yawanci wajen asuba zuwa fitowar rana suke haɗuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mace ɗaya tana iya saka ƙwai har 260 a rayuwarta. Ba ta tara su wuri guda, ɗai-ɗai take liƙa su, mafi yawa a sababbin ganyen da ke saman shuka. Ƙwan bai kai rabin milimita ba, fari-fari ne da farko, sannan ya koma ruwan ɗorawa. Mai kaifin ido yana iya ganinsa, amma sai ya san abin da yake nema. Kyamarar waya tana taimakawa in aka jawo hoton kusa. Bayan kwana huɗu zuwa shida sai ya ƙyanƙyashe.

To, a nan ne labarin ya fi muhimmanci. Ganye, duk rashin kaurinsa, hawa uku ne: akwai siririyar fata ta sama, akwai ta ƙasa, sannan a tsakaninsu akwai koriyar tsoka, inda shuka ke haɗa abincinta da hasken rana. Tsutsar da ta fito daga ƙwai, wadda ba ta kai milimita ɗaya ba, takan ɗan yi yawo a kan ganyen, sannan ta huda fatar ta kutsa cikin tsokar. Cikin awa ɗaya ko biyu ta shige gaba ɗaya. Daga nan sai ta yi ta cin tsokar ta ciki, ta bar fatun biyu ba ta taɓa su ba. Abin da manomi ke gani daga waje shi ne wani farin tabo mai faɗi, marar tsari, wanda haske ke ratsawa. Ku ɗaga irin wannan ganye sama ku duba shi ta wajen rana. Za ku ga tsutsar kwance a tsakanin fatun, kanta baƙi yana motsi a bakin inda kore ya fara, kuma a wani gefe na tabon ga baƙin kashinta a tare. In kuka sa tsinin allura kuka ɗaga fatar sama a hankali, sai ta fito fili tana mutsu-mutsu, wani lokaci ma ta saki jiki ta sauko a kan wani siririn zare da take fitarwa daga bakinta.

Me ya sa ta zaɓi wannan zama? Domin a cikin ganye rana ba ta busar da ita, ruwa ba ya wanke ta, yawancin masu farautarta ba sa kai gare ta, ga abinci gaba da baya. Ba ita kaɗai ta san wannan dabara ba. Akwai ɗaruruwan ƙananan ƙwari masu haƙa cikin ganye, kusan kowanne da shukar da ya fi so, har da wani ɗan faɗa-wuta mai bin sabon tohon lemo. A tumatir ɗin kansa akwai tsutsar wani ƙaramin ƙuda mai irin wannan aiki, kuma ana yawan rikita su. Bambancin a zanen yake. Ta ƙudan tana barin siririn farin layi mai lanƙwasa yana zagaye ganye, ta Sharon kuwa tabo ne mai faɗi. Ɓarnar ta ƙudan ba ta kama ƙafar ta Sharon ba, saboda haka kada a kashe kuɗin magani kafin a duba da kyau.

Tsutsar tana yin kamar mako biyu tana ci. Sau huɗu take sauya girma, tana saɓa tsohuwar fata. Launinta yana tashi daga fari-fari zuwa kore, a ƙarshe bayanta ya ɗan yi ja-ja, tsawonta ya kai wajen milimita 8. Akwai wani ɗan baƙin layi a bayan kanta da ake gane ta da shi. Ba lallai ta zauna a tabo ɗaya ba, takan fita ta buɗe wani a ganyen gaba. In sun yi yawa, ganye ya ƙare, sai su shiga kan toho da cikin kara, su kuma shiga 'ya'yan, ɗanye da nunanne. A jikin ɗan tumatir sun fi shiga ta ƙarƙashin hanci, wato koriyar hular nan da ke haɗa shi da reshe. Ƙofar ƙarama ce, sai ɗan baƙin kashi a bakinta, amma ta nan ruɓa ke samun hanya. Babbar tsutsar tumatir da muka sani tun da, wadda ke yin wagegen rami har rabin jikinta na waje, wata ce daban.

Gonar da suka cika takan koma ruwan ƙasa cikin 'yan kwanaki, manoma su ce ta ƙone. Ba rana ba ce. Tsokar ganyen aka cinye, fatun suka bushe.

In ta ƙoshi sai ta daina ci. Mafi yawansu sukan sauko ƙasa su shige ɗan sama-sama, wasu su naɗe gefen ganye da zare, wasu su zauna cikin tabon. Sai jikinta ya taƙure ya zama ɗan ƙwanso, kore da farko, daga baya ruwan ƙasa. Ba ci, ba tafiya. A cikin wannan ƙwanso ake rikiɗa, tsutsa ta koma mai fukafukai. Bayan kamar kwana goma sai ƙwanson ya tsage, sabon faɗa-wuta ya fito, a sake sabon lale.

Abin da ya sa ta fi tsanani da bazara

Ƙwaro ba shi da ɗumin jiki na kansa, zafin wuri ke tafiyar da girmansa. Masu bincike sun rene Sharon a ɗaki mai zafi daban-daban suka ƙirga kwanakin da take ɗauka daga ƙwai zuwa babba. A digiri 14 sai da ta yi kwana 76. A digiri 20, kwana 40. A digiri 27, kwana 24 kacal.

Mu yi ɗan lissafi, na misali ne kawai. A ce a cikin duk ƙwan da uwa ɗaya ta saka, mata goma ne suka rayu har suka girma, kowace a cikinsu ita ma ta bar mata goma. In ana sanyi, bayan kwana 76 muna da mata 10. In ana zafin digiri 27, a cikin waɗannan kwanakin an yi zuriya uku: 10, sannan 100, sannan 1,000. Gona ɗaya, uwa ɗaya, kwanaki iri ɗaya.

Ga amsar abin da manoman rani ke gani kowace shekara. Wanda ya yi dashe da wuri, tumatir ɗinsa ya girma cikin hunturu, sau da yawa yakan ɗebi mafi yawan amfaninsa lafiya. Tana nan a gonar, amma tafiyar hawainiya take yi. Da zarar sanyi ya janye a watan Maris, sai ka ji ana cewa Sharon ta sauko. Ba daga ko'ina ta sauko ba, tun tuni take tare da mu, haihuwar ce ta yi sauri. Zafin da ya wuce kima yana kashe wasu, ruwan sama mai ƙarfi ma yana rage ta, amma ba ya ƙarar da ita. Kuma ba ta da lokacin hutu irin na wasu ƙwari: muddin akwai abinci haihuwa take yi, har zuriya goma zuwa goma sha biyu a shekara. In babu tumatir sai ta koma kan danginsa, irin su dankalin Turawa da gauta da yalo da taba, da ciyayi kamar gautan kaji da zaƙami. Gautan kajin da aka bari a bakin rafi shi ke riƙe ta har wani dashen.

Daga ina ta zo?

Asalinta Kudancin Amurka ne, yankin tsaunukan Andis, inda kakannin tumatir na daji suke tsirowa har yau. A 1917 wani malamin makaranta ɗan Ingila, Edward Meyrick, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen nazarin ƙananan faɗa-wuta, ya fara bayyana ta a rubuce, daga wanda aka kamo a garin Wankayo na ƙasar Peru. Shekaru da dama ba wanda ya damu da ita. Daga shekarun 1960 ta fara addabar manoman ƙasashen yankin, ta shiga Barazil wajen 1980.

A 2006 aka gan ta a gabashin Sifaniya. Daga nan fa sai gudu. Cikin shekara biyu ta tsallaka teku zuwa Maroko da Aljeriya da Tunisiya, daga baya ta kai Masar da Sudan, a 2012 aka tabbatar da ita a Senegal, Nijar ma ba da jimawa ba. A 2014 tana Kenya da Tanzaniya da Indiya. A Nijeriya an fara ba da rahotonta a 2015 daga wajen Daura, sannan Kano. Shekarar da ta biyo baya ce ba a mantawa: a watan Mayun 2016 gwamnatin jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, sabon kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa ya dakatar da aiki saboda babu abin niƙawa, farashin kwando ya ninka sau da yawa har Legas. Ta sake yin babbar ɓarna a 2023. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana, shi ke tsone maka ido.

Ɗan ƙwaro mai fukafukin santimita ɗaya bai ratsa teku da ƙarfin kansa ba. Iska tana ɗaukarsa daga gona zuwa gona, amma doguwar tafiya mu muke kai shi: tsutsa a cikin 'ya'yan tumatir, ƙwai a jikin irin dashe, ƙwanso a saƙale cikin saƙar kwando. Kwandon da ya je kasuwa ya kwana cikin ruɓaɓɓen tumatir na wata jiha, ya dawo aka jibge shi a bakin gona, ba shi kaɗai ya dawo ba.

Feshi, da abin da ya sa yake ba da kunya

Yanzu ku jera matakan nan huɗu, ƙwai da tsutsa da ƙwanso da uwa, ku tambayi kanku inda magani zai same ta. Uwa tana ɓoye da rana, lokacin da ake feshi. Tsutsa tana tsakanin fata biyu, ko a cikin ɗan tumatir. Ƙwanso yana cikin ƙasa. A rayuwar kwana ashirin da 'yan kai, lokacin da tsutsa ke fili bai taka kara ya karya ba: sa'ar da ta fito daga ƙwai, da sa'ar da take sauya ganye. Maganin da sai ya taɓa jikin ƙwaro yake kashe shi, a bayan fatar ganye yake bushewa, ita kuwa tana ciki tana cin abincinta. Feshin da aka fara bayan gona ta yi fari, ihu ne bayan hari.

Akwai matsala ta biyu, wadda ta fi wannan. A cikin dubban tsutsotsi ba a rasa 'yan kaɗan da jikinsu ke jure wani magani. In aka yi ta fesa magani iri ɗaya, raunana su mutu, masu jurewa su rage su haifi irinsu. Ga ƙwaron da ke sabunta zuriya kowane wata, ba a daɗewa maganin ya zama ruwa. Haka ya faru a Barazil da Cile da Ajantina tun kafin ta bar gida, don haka wadda ta iso mana ta zo da juriyar tsofaffin magunguna a jikinta. Sababbin ma an ga ta fara jure musu a kudancin Italiya wajen 2014. Abin da wasunmu ke yi, na haɗa kwalba uku ko huɗu a tanki ɗaya, a ninka awo, a fesa yau a tsinki tumatir gobe, ba jarumtaka ba ce. Asarar kuɗi ce, kuma gubar a miyar mutane take ƙarewa. In ya zama dole a yi feshi, a nemi malamin gona ya faɗi wanda ke ratsa ganye, a fesa da yamma liƙis, a riƙa sauya jinsin magani daga zuriya zuwa zuriya, ba sunan da ke jikin kwalba kawai ba, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka.

Feshi barkatai yana da wata illa da ba a gani: yana kashe maƙiyan Sharon. Akwai wani ɗan koren ƙwaro siriri mai dogayen ƙafafu, masana suna kiransa Nesidiocoris, da ke yawo a kan tumatir yana tsotse ƙwanta da ƙananan tsutsotsi. A kudancin Sifaniya manoma saye suke yi su sake shi a kan irin dashe tun yana wurin reno. Yana son riɗi, shi ya sa a wasu ƙasashe ake shuka riɗi kusa da tumatir don a tara shi. Ba waliyyi ba ne dai: in ya rasa nama yakan tsotsi shukar ita kanta. Akwai kuma wasu ƙananan dangin zanzaro da ke saka nasu ƙwan a cikin ƙwai ko tsutsar Sharon, ɗansu ya cinye ta daga ciki. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta ɗauko wani irinsu daga Peru, ta sake shi a gonakin Kenya a 2020. A gidanta na asali tana da maƙiya da yawa. Da ta yi ƙaura sai ta baro su a baya, wannan na daga cikin abin da ya sa ta fi ƙarfi a baƙon wuri.

Sinadarin nan da mace ke kiran namiji da shi, masana sun gano shi, yanzu ana haɗa shi a masana'anta a zuba a wani ɗan roba. A rataye robar a saman faranti mai ruwa da ɗan omo, maza su taho su faɗa. Omon ne ke hana su tashi. Maza kaɗai yake kamawa, saboda haka babban amfaninsa shi ne ya gaya wa manomi cewa ta iso tun ganye bai nuna ba. Robar takan yi mako huɗu zuwa shida kafin a sauya. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan, ta fito da irin wannan faranti mai amfani da fitila maimakon sinadari, mai kama maza da mata da dare. Ruwan 'ya'yan darbejiya ma yana rage mata ci da girma in an fara da wuri, tsutsa na ƙarama.

Sauran aikin ba na saye ba ne. A rufe wurin renon iri da gidan sauro mai ƙananan ido. A riƙa zagaya gona ana tsinke ganyen da ya fara tabo, a zuba a leda a ɗaure a bar shi a rana, kada a yar a cikin kunya. In an gama tsinka kada a bar tsohuwar gona tsaye, domin ita ce makarantar renon Sharon ga maƙwabta: a tuge, a ƙone ko a binne da zurfi, a kifar da ƙasa don ƙwanson ya fito rana. Sannan a bar wurin kamar mako shida babu tumatir babu danginsa. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, a ganina kuma shi ya fi kowanne amfani, don ba aikin mutum ɗaya ba ne. In ka huta maƙwabcinka bai huta ba, nasa ne za su tashi su sauka a naka. Magana ce ta ƙungiyar manoma da sarkin noma, a tsayar da lokacin dashe da lokacin tugewa tare.

Aiki

Ku tattauna a aji: a unguwarku, wane wata aka fi ganin Sharon, kuma me kuka koya yau da zai bayyana hakan? Wace ciyawa ko shuka ce dangin tumatir da ke zama kore duk shekara kusa da gonakinku? Sannan ku sake lissafin da muka yi, amma a ce mata biyar ne ke rayuwa maimakon goma, ku ga nawa za a samu a zuriya ta uku.

Aikin gida kuwa, kowa ya samo robar ruwa mai haske ya yanke kanta, ya zuba busasshen yashi kamar kaurin yatsa biyu a ƙasa. Ku sa ganyen tumatir biyu ko uku masu tsutsa a ciki, ku rufe bakin da ƙyalle ku ɗaure, ku ajiye a inuwa inda yara ba za su taɓa ba. Bayan kowane kwana biyu ku ƙara ɗanyen ganye. Ku rubuta ranar da tsutsa ta bar ganye, da ranar da kuka fara ganin mai fukafukai, kuma in ya fito kada ku sake shi. Wanda bai ƙware da rubuta kwanan wata ba tukuna, ya ja layi ɗaya a littafinsa kowace safiya. Ku zo da robar da littafin nan da mako uku, mu gwada na wanda ya ajiye a ɗaki mai sanyi da na wanda ya ajiye a mai zafi.